Babi na Biyar: Mai Ƙasa da Mai Noma Ta

Kafin shekarar 1845, ba a mallakar gona a Sikotlan daga zaune. Ko an gama ciniki, an biya kuɗi, an sa hannu, gonar ba ta zama ta mai saye ba sai an je an tsaya a cikinta. Za a taru a filin da rana: wakilin ubangidan da ƙasar ke ƙarƙashinsa, da wakilin mai karɓa, da magatakardan shari'a, da shaidu biyu. Wakilin ubangida ya sunkuya ya damƙo ƙasa da ɗan dutse, ya zuba a tafin wakilin mai karɓa. In injin niƙa ne na bakin rafi, sai a miƙa wasu ƙananan sassansa. In haƙƙin kamun kifi ne a kogi, a nuna taru da kwale-kwale. In kuwa gida ne a cikin gari, mai karɓa ya kama ƙarfen da ake rataya kwado a ƙofa. Magatakarda na gefe yana rubuta wa ya ba wa, a gaban su wa, ran nawa ga wata, tsakanin ƙarfe nawa da nawa.

Takardar da ke fitowa daga wannan tsayuwa ita ake kira sezin, a kundayensu kuma ana rubuta ta sasine. A 1617 majalisar dokokin Sikotlan ta kafa doka cewa duk wanda aka miƙa wa ƙasa ya kai takardarsa a kwafe ta a rajistar gwamnati cikin kwana 60. Dalilin bai wuce rikici ba: mutum ɗaya yakan sayar wa mutum biyu gona ɗaya, takardun jabu sun yi yawa, kuma gobara da yaƙi na cin na gaskiya. Rajistar ta ci gaba ba yankewa tun daga wannan shekara, shi ya sa 'yan Sikotlan ke tinƙahon cewa tasu ce rajistar filaye ta ƙasa mafi daɗewa a duniya. Tsoffin kundayen suna Edinbara, a hannun hukumar adana tarihi ta National Records of Scotland, a wani tsohon gini da ke bakin titin Princes.

A babin da ya gabata mun ga iyakar rajistar haihuwa da aure da mutuwa. Ta gwamnati ba ta fara ba sai 1855. Ƙidayar jama'a mai sunaye ta fara a 1841. In aka wuce nan baya, sai littattafan coci, waɗanda wasu sun ruɓe, wasu limaminsu ya yi sakaci, wasu kuma ba a taɓa buɗe su ba. Mai neman asalinsa daga Kanada ko Ostareliya ko Niyu Zilan yakan zo daidai nan ya tsaya cak. Takardun ƙasa su ne ke iya tsallakar da shi, don magabata sun fi kula da rubuta iyakar gona fiye da rubuta haihuwar ɗa. Ɗa ba a kai ƙara a kansa, gona kuwa ana yi.

Abin da ya sa sezin ke da daɗi ga mai bin salsala shi ne lauyoyin zamanin ba sa son a ce sun bar kafa. Ba za su rubuta sunan mutum kawai su wuce ba. Sai sun ce wane, babban ɗan marigayi wane, maƙeri a gari kaza, wanda ya haifa da matarsa wance. Matan Sikotlan kuwa ba sa yar da sunan gidan ubansu a takardar shari'a, ko sun yi shekara 50 da aure. Layi ɗaya ke nan ya ba ka uba da uwa da sana'a da gari da dangin uwa. Wani lokaci takardar kan bi tarihin filin baya, ta ambaci kakan da ya fara riƙe shi. Masu hali kan ƙulla yarjejeniya kafin aure, miji ya ware wa amarya wani yanki da za ta ci amfaninsa muddin ranta in ya riga ta mutuwa, wannan ma sai an je an miƙa ƙasa da dutse, sunan uban amarya kuma ya shiga kundi. Jingina ma haka. Wanda ya ranci kuɗi ya jingina gonarsa, da shi da wanda ya ba shi rancen duk suna ciki, sau da yawa kuma mai ba da rancen suruki ne ko kawu.

Akwai tarkon da baƙon bincike ke yawan faɗawa a nan. Ya samo takardar gadon kakansa, ya karanta ta tas, ya ga shanu da tukwane da bashin da ake bin wane da wane, bai ga gona ba, bai ma ga sunan babban ɗa ba. Sai ya yanke cewa kakan talaka ne, ko kuma ya kama wani gida daban. Ba haka ba ne. Dokar Sikotlan ta raba dukiya gida biyu: wadda ake iya ɗauka, da wadda ke kafe a ƙasa. Har zuwa 1868 mutum ba shi da ikon yin wasiyya da ƙasa ko gini a irin wannan takarda. Ƙasa tana da hanyarta: babban ɗa namiji ne ke kwashe ta duka. In babu namiji, 'ya'ya mata su raba daidai. Matar mamaci tana cin amfanin kashi ɗaya cikin uku muddin ranta, amma ba ta mallaka. Mu da muka saba a zauna gaban malami a fitar wa kowane magaji rabonsa, wannan tsari zai yi mana kama da zalunci tsagwaronsa, kuma ƙanne da yawa sun ɗanɗana shi a haka. Yana cikin abin da ya tura su soja da jirgin ruwa da ƙasashen ƙetare. Fifikon ɗan fari bai kau ba sai a 1964.

Kafin magaji ya shiga gadon, sai ya tabbatar da cewa shi ne. Alƙalin gunduma kan tara mutanen yankin, yawanci su 15, a rantsar da su, su faɗi ko lalle wannan ne magajin mamaci mafi kusa. Amsarsu a aika da ita Edinbara a ajiye. Waɗannan takardu akasari da Latin ake rubuta su har 1847, amma an buga taƙaitattun bayanansu da jerin sunaye, don haka ba sai ka iya Latin ba kafin ka gane cewa wane ya gaji kakansa na wajen uwa, ko cewa magajin yana zaune a Jameka ko New York. Abu ɗaya za a kiyaye: ranar da aka tabbatar da magaji ba ita ce ranar mutuwa ba. Aikin yana cin kuɗi, mutane kan yi zamansu a gona shekara da shekaru ba su yi ba, sai ranar da za su sayar ko su jingina. Akwai wanda sai jika ne zai zo ya gyara abin da uba ya bari.

Wajen shiga kundayen sezin, shekarar 1781 ce mararraba. Daga ita zuwa gaba an buga taƙaitaccen bayanin kowace takarda, gunduma-gunduma, da jerin sunayen mutane, mafi yawan shekaru har da na wurare. Aiki ne mai sauƙi, ɗan koyo ma zai iya. Kafin 1781 kuwa sai an ɗaura ɗamara. Wasu gundumomi suna da jerin sunaye, wasu sai ka bi littafin shigar da takardu rana-rana. Rubutun hannun magatakardan ƙarni na 17 ba ya karantuwa ga wanda bai koya ba, ko da Turanci ne harshen uwarsa, kuma rabin abin Latin ne, sauran kuwa harshen Sikot na da. Sannan har zuwa dokar 1868 mutum na da zaɓi: ya yi rajista a kundin yankinsa ko a babban kundi na Edinbara, don haka dole a duba biyun. Tsoffin biranen da ke da takardar 'yanci daga sarki kuma suna da nasu kundin daban tun 1681. Wanda kakansa ke da shago a tsakiyar tsohon garin Ayr ko Perth, can zai nufa.

Duk wannan labarin masu ƙasa ne, su kuwa 'yan tsiraru ne. Lokacin da gwamnati ta ƙirga masu filaye a 1872 zuwa 1873, an tarar basarake ɗaya, Duke na Sutherland, yana riƙe da fiye da eka miliyan ɗaya. Akasarin mutanen karkara haya suke yi, wasu ma haya suke a hannun ɗan haya. Wanda ya shiga kundin sezin da sunan kakansa kawai a hannu, ya fi yiwuwa ya fito hannu rabbana. A ganina nan ne masu bincike suka rabu biyu. Wani yakan ce kakannina ba su da gona, takardun ƙasa ba nawa ba ne, ya rufe littafi. Wani kuma ya sake tambayar: gonar da suka noma, ta wa ce? Na biyun ne ke cin riba, don mai ƙasa ba ya manta wanda yake bi kuɗin haya.

Ga misalin da duk wanda ya yi firamare a Najeriya ya san sunansa. Mungo Park, wanda ya rasu a Bussa a kan kogin Kwara a 1806, an haife shi a 1771 a wata gona mai suna Foulshiels kusa da garin Selkirk. Mahaifinsa, shi ma Mungo, manomi ne mai rufin asiri har ya iya sa ɗansa karatun likita, amma gonar ba tasa ba ce, haya yake a hannun Duke na Buccleuch. Mai bin wannan gida, in ya nemi Foulshiels a kundin sezin, sunan basaraken zai gani. Inda zai nemi manomin shi ne takardun gidan Buccleuch, waɗanda tarinsu ke ajiye a Edinbara: littattafan kuɗin haya, da yarjejeniyoyin haya, da wasiƙun wakilin da ke kula da gandun. Takardun kansu sukan ba da alama da ƙaramar kalma ɗaya. In an rubuta sunan mutum aka bi shi da "of" sannan sunan wuri, mai wurin ne. In "in" aka sa, ɗan haya ne. Mutane da yawa sun ɗora wa kansu sarautar da ba su gada ba don sun tsallake wannan.

Littafin haya ya fi sezin kusantar rayuwar yau da gobe. A cikinsa za ka ga abin da ake biya, kuma a da ba kuɗi kaɗai ba ne: buhunan garin hatsi, kaji, ƙwai, da kwanakin aikin da ɗan haya zai yi wa ubangida lokacin girbi. Sau biyu ake biya a shekara, a watan Mayu da watan Nuwamba, waɗannan ranaku kuma su ne na tashi da sauka. In ka bi littafin shekara bayan shekara, za ka ga ranar da sunan mutum ya koma "matar marigayi wane", bayan wasu shekaru kuma ya koma sunan ɗa. Ka sami mutuwa da gado ke nan ba tare da ka ga takardar mutuwa ba. Za ka ga shekarar da bashi ya fara taruwa a gefen suna, da shekarar da aka ja layi a kansa.

Gidan mawaƙi Robert Burns ya nuna yadda iyali ɗaya ke watsuwa cikin takardu iri-iri. Mahaifinsa William ya riƙe ɗan fili a Alloway inda ya gina ɗakin da aka haifi Robert a 1759. A 1766 ya koma haya a Mount Oliphant, ƙasa mara albarka. A 1777 ya tashi zuwa Lochlea, inda rikici kan kuɗin haya ya kai shi gaban babbar kotun Edinbara da mai gonar, David McLure. Ya ci shari'ar, amma ya rasu a farkon 1784. 'Ya'yansa Robert da Gilbert suka kama hayar Mossgiel, daga baya Robert ya wuce Ellisland kusa da Dumfries a 1788. Gonaki biyar, iyayengiji daban-daban, da fayil a kotu. Da ba shahararre ba ne, mai binsa zai iya ɓatar da sawunsa a kowane tashi. Darasin shari'ar ma a fili yake: talakan da ya yi rigima ya fi mai haƙuri barin suna a takarda.

Kundayen nan sukan kuma tona abin da iyali ba sa son faɗa. A ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19 za ka riƙa cin karo da masu sayen manyan gandaye waɗanda kuɗinsu daga gonakin rake na bayi ya fito. John Gladstone, ɗan asalin Leith kuma mahaifin firaministan Birtaniya William Gladstone, yana da gonakin bayi a Demerara, kuma ya sayi gandun Fasque a arewa maso gabashin Sikotlan wajen 1830. Takardar saye ba ta faɗin inda kuɗi ya fito, amma takan faɗi inda mai sayen ya zauna a baya, wannan kuwa ya isa mai hankali.

Daga 1855 abu ya yi sauƙi ƙwarai. Dokar 1854 ta wajabta a riƙa ƙiyasta darajar kowane gida da gona da shago duk shekara saboda haraji, a rubuta mai shi, da ɗan haya, da mazaunin ciki, da kuɗin hayar shekara. An yi ta yin haka har 1989 ga gidajen zama. Shafin ScotlandsPeople ya sa na wasu zaɓaɓɓun shekaru a intanet, daga 1855 zuwa 1940, ana neman suna a biya a ga hoton shafin. Amfaninsu shi ne cike giɓin da ke tsakanin ƙidaya da ƙidaya, musamman a Gilasgo da Dandi, inda ma'aikatan masana'antu ke sauya ɗaki kamar riga. Sai dai maigida kaɗai ake rubutawa, ba mata ba 'ya'ya ba shekaru, kuma a kundayen farko ba a cika sa masu hayar da ba ta kai fam 4 a shekara ba, wato mafi talauci su ne aka fi tsallakewa.

Yankin tsaunuka da tsibiran yamma, inda ake jin harshen Gelik, nan ne takardun ƙasa suka fi zama dole, don wasu majami'u ba su fara rubuta haihuwa ba sai bayan 1800. Nan ne kuma suka fi ɗaci. Bayan tawayen 1745 gwamnati ta ƙwace gandayen shugabannin da suka goyi bayansa, irin su Lovat da Cameron na Lochiel, ta aika jami'ai suka rantsar da 'yan haya ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi abin da yake biya. Hukunci ne aka yi wa shugabanni, amma ya bar mana sunayen talakawan da ba don haka ba da babu mai jin su. Haka korar da aka yi wa mutane don a zuba tumaki. A 1814 aka tashi ƙauyukan kwarin Strathnaver a Sutherland, aka ƙone gidaje. Wakilin gandun, Patrick Sellar, ya gurfana a kotu a Inverness a 1816 bisa zargin kisa, aka sallame shi. Kafin a kori mutum sai an ba shi sammaci ta kotun gunduma, sammaci kuwa yana ɗauke da suna da ƙauye. Ga iyalai da yawa da ke Nova Scotia a yau, takarda mafi tsufa da ke ambaton kakansu ita ce wadda aka kore shi da ita.

Bayan tarzomar Braes a tsibirin Skye a 1882, gwamnati ta naɗa kwamiti ƙarƙashin Lord Napier, ya zaga yankin a 1883 yana sauraron ɗaruruwan ƙananan manoma, da yawa ta bakin tafinta. An buga shaidarsu kalma da kalma, kuma an sa gandaye su kawo jerin masu ƙananan gonaki da waɗanda ke raɓe ba gona. Tsofaffi sun tsaya sun faɗi inda aka taso iyayensu, da shekarar, da wanda ya taso su. Dokar 1886 da ta biyo baya ta hana a kori ƙaramin manomi muddin yana biyan haya, ta ba shi damar neman a rage masa kuɗin, ta kuma yarda ya bar wa ɗan gidansu gonar. Daga nan gona ta fara zama a hannun iyali ɗaya tsara bayan tsara, har a tsibirai irin su Lewis da Harris masu tarihin gida ke rubuta labarin ƙauye ta lambar gona: lamba 1, su wane suka zauna, lamba 2, su wane.

Wannan hanya ta bin gona maimakon suna ba don ƙawa aka ɗauke ta ba. A ƙauye ɗaya a Lewis kana iya samun Donald MacLeod biyar, duk manoma, uku cikinsu matansu Catherine. Al'adar sa wa ɗan fari sunan kakansa na wajen uba, na biyu kuma na wajen uwa, ta sa sunaye ƙalilan ke ta juyawa. Wakilin gandu da ke karɓar haya shi ma abin ya dame shi, shi ya sa yakan ƙara laƙabi a gefen suna, ko ya rubuta wane ɗan wane ɗan wane yadda mutanen ke kiran junansu da Gelik. Abin da ya yi don kada kuɗin ubangidansa ya salwanta, shi ne yau ke raba wa jika kakansa daga maƙwabcinsa.

Saura wurin kansa. Sunayen gonaki irin su Newton da Milton da Kirkton sun cika ƙasar, kusan kowace gunduma tana da nata, don haka sai an haɗa sunan gona da na yankin cocin da take ciki kafin a tabbata. Iyakokin yankunan ma an gyara su wajen 1891, gonar da ke wannan gunduma a tsohon kundi tana iya komawa waccan a sabo. Babban ɗakin karatu na ƙasa, National Library of Scotland, ya sa dubban taswirori a intanet kyauta, har da wadda William Roy ya zana wa soja tsakanin 1747 da 1755, wadda ke nuna ƙauyukan da aka share daga baya. Ana iya ɗora tsohuwar taswira a kan hoton tauraron ɗan Adam na yau a ga inda gidan yake. In gidan na nan tsaye, sai a bi shi ta gaba: sabuwar rajista mai taswira da aka fara a 1981 ta soma maye gurbin sezin, kuma hukumar Registers of Scotland kan ba da kwafin takardun kowane gida in an biya, daga mai shi na yanzu a yi ta komawa baya hannu-hannu har a iso sunan da ake nema.